Akwatunan Ƙwarin Malam Abakar

Tun da na dawo daga Kuseri ba a bar ni na huta ba. Duk wanda na tarar a majalisarmu ta ƙofar gidan su Bello sai ya ce, "Mutumin Kuseri! Yaya garin? Ka haye Njamena kuwa?" Ni kuma sai in ce lafiya lau, in kawo wata magana. Ba rowar labari nake yi ba. Akwai abin da na aikata a can wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, kuma ba abin da zan iya faɗa ba ne tsakanin kofin shayi da kiran salla. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Inda na manta ko na gauraya, a yafe ni. Na dai yi ƙoƙari kada in ƙara gishiri.

Ga wanda bai sani ba, ilmin ƙwari na karanta a jami'a. Da na gama, aiki bai samu ba, sai nake taimakawa a reshen arewa na ƙungiyar masana ƙwari ta ƙasa, nan Garwa. Ɗaki biyu ne kacal, da kabad, da fanka mai kuka. Wata safiya shugabar reshen, Dokta Hawwa, ta kira ni ta ce zan yi tafiya.

"Akwai wani dattijo a Kuseri, Malam Abakar," in ji ta. "Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan. Ya yi alkawarin ba mu akwatunan ƙwarin da ya tara tun yana saurayi. Za ka je ka shirya su ka kawo."

Na ce to, Madam. Sai ta turo mini wata ambulan.

"Wannan kuma za ka ba shi hannu da hannu, ka karɓo katinsa na memba."

Na san abin da ke ciki, don ni na buga takardar. Sabon tsarin ƙungiya ya ce cikakken memba sai mai digiri. Wanda ba shi da shi ya koma "abokin ƙungiya": zai iya zuwa taro ya saurara, amma ba shi da ƙuri'a, sunansa kuma ba ya cikin jeri. Malam Abakar kuwa ko firamare ban jin ya ƙarasa.

Na ce, "Madam, ba za a iya kiran sa a waya ba?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Hamidu, mutum ya kai shekarun kakanka, a sallame shi ta waya?"

Haka na tashi da sababbin akwatuna uku masu murfin gilashi, da allurai, da kafur na korar ƙananan ƙwarin da ke cin busassu, da wannan ambulan a aljihun ƙirji.

A ajans, wato tashar motocin kamfani, an ce mota za ta tashi ƙarfe shida, ba mu bar Garwa ba sai wajen tara. Na ƙi yarda a ɗora akwatunan a sama, na rungume su a cinya. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa daga Tuboro, za ta kai gyaɗa Marwa. Ta daɗe tana satar kallon su, can ta kasa haƙuri.

"Ɗana, madubi kake sayarwa?"

Na ce a'a, Hajiya, ƙwari ake sakawa.

"Masu rai?"

"Matattu."

Ta yi salati, ta ja jakarta gefe. Amma kafin mu kai Figil ta cika mini hannu da gyaɗa, ta ce in ci, boko bai bar mini nama a jiki ba.

A wani shinge bayan Figil wani jandarma ya sa na sauko. Ya buɗe akwati, warin kafur ya buge shi, ya ga allurai jere. Na miƙa masa takardar aike da katin shaida. Na yi masa bayani da Faransanci mai tsawo, wataƙila ma ya fi yadda ake bukata. Ya kira abokin aikinsa yana dariya, ya ce ya zo ya ga wanda ya yi jami'a don ya sassaƙa wa fara makara. Duk motar ta ɗauka. Har muka isa Marwa karen mota "mai makara" yake kira na.

A Marwa na sauka a unguwar Dugoy, gidan Baba Yakubu, tsohon abokin aikin Malam Abakar. Mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, ya yi ritaya daga aikin gona. Hausarsa irin ta kasuwa ce, yana haɗa ta da Fulatanci da Faransanci yadda ya ga dama. Kafin in buɗe baki ya sa an shimfiɗa mini tabarma, an kawo buta, ya nuna mini gabas. Ya ce shekara da shekaru yana yawon daji da Abakar, ya fi wasu Musulmin sanin lokacin la'asar.

Matarsa, Mama Saratu, ta kawo tuwon jar dawa da miyar tafasa, wadda suke kira tasba. Mu a gida mun saba da tuwon masara mai laushi. Wannan kuwa in ka ci malmala ɗaya ka gama da yunwa har gobe. Na ci biyu don kada ta ce na raina.

Da yamma muna zaune a tsakar gida ya ba ni tarihin ƙungiya, irin wanda babu shi a dosiye, wato fayil ɗin ofis. Ya ce a gindin wata darbejiya aka fara, bayan wani gidan gwajin iri. Akwai daktoci biyu ko uku da suka dawo daga karatu, da ma'aikatan gona irinsa, da masu kamun ƙwari irin Abakar, har direban da ke kai su daji memba ne. Rajista littafin 'yan makaranta ne. Al'adarsu, kowa ya zo taro da ƙwaro a kwalin ashana. A zagaya da shi hannu zuwa hannu, wanda ya kasa faɗin sunansa da abin da yake ci, shi zai sayi shayi.

"Daktocin nan sun sha sayen shayi," in ji shi, yana dariya har da tari. "Su sun san sunan Latin. Abakar ya san a wane ganye yake kwana."

Rahoton taro da tafireta ake bugawa, a sa kabon, kwafi na ƙarshe da ƙyar ake karantawa. A hankali aka samu mujalla, aka ce ba a buga rubutu sai wasu masana sun duba. Taro ya koma otal, kowa da suna rataye a wuya. Kwalin ashana ya ɓace, bai ma san yaushe ba. Shi kansa sai da furfura ta fara fito masa ya koma ya yi digiri.

Na yi ta juya maganar a raina, daga baya na gaya masa abin da ke aljihuna.

"Na sani," ya ce. "Ni ma na ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar."

Ina jin ya ga yadda fuskata ta yi, don ya ci gaba. Ya ce wasu masu sayar da maganin feshi sun rinƙa shiga ƙungiya don katin kawai. Su je ƙauye su nuna wa manomi, su ce su masana ne, su sayar masa da abin da zai ƙone masa gona. Ya ga gonar albasa da idonsa, ta koma kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

"Dole a yi ƙofa, ɗan nan. Sai dai da muna aunawa, ban tuna da tsayin Abakar ba."

Hanyar Marwa zuwa Kuseri ba zan ce komai a kanta ba sai alheri, tunda mun isa. Daga Mora zuwa gaba rami ya fi kwalta yawa, shinge kuma ba ya ƙirguwa. Wajen Waza kowa ya manna fuska a taga, an ce akan ga raƙumin dawa. Mu dai birai muka gani, suna zaune bakin hanya kamar masu jiran mota. Taya ta fashe mana sau ɗaya, muka sauka muka tsaya a rana, ni da akwatunana a ka. Abin da na fi lura da shi, tun muna jin Fulatanci a motar har ya rinƙa raguwa, Larabcin Shuwa yana ƙaruwa, Hausa ce kawai ta bi mu daga farko har ƙarshe, ita ake ciniki da faɗa da ita.

Na isa Kuseri bayan la'asar, ɗan moto ya kai ni gidan a babur. Malam ba ya nan. Matarsa, Inna Falmata, ta yi mini magana daga bayan labule, ta ce ya haye Njamena sunan jika, sai jibi. Ya bar saƙo in sauka a ɗakin ƙwari, ga makulli.

"Faddal, faddal," ta ce, wato bisimilla.

Gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a Garwa in an tambayi gajiya da mutanen gida an gama. Can kuwa sai a yi ta "afe, afe", wato lafiya, lafiya, har ka rasa wanda zai fara yin shiru. Kafin ruwa ma jan shayi aka kawo, mai zaƙi kamar zuma, sannan kasko da turaren wuta. Abinci kisar ne, wata waina mai faɗi siririya kamar takarda, mai ɗan tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa da kifin Logon. Ban san yadda ake naɗe ta a ɗebo miya ba, rabi ya ƙare a rigata.

Washegari da safe na je bakin gada, don in ce na gani. Manyan motoci jere, mata da kaya a ka, 'yan duwan, wato kwastan, suna duba takardu, ƙasa kuma kwale-kwale suna ta yanka ruwa. Wani mai turare ya ce in taka in haye mana, ga Njamena can ana gani. Na duba takardar aikena, Kuseri aka rubuta. Na juyo. To, ga amsarku, masu tambaya: ban haye ba.

Da na haye ɗin ma da ya fi, don da ban samu lokacin yin abin da na yi ba.

Na koma ɗakin na fara buɗe akwatunan. Na katako ne, da hannu aka yi su, an shimfiɗa ɓargon karan dawa a ciki don allura ta kama. Ƙwarin sun bushe tsaf, ba ƙura, ba karyayyen fiffike. Amma a hargitse suke, ko kuwa haka na gani. Fara kusa da hangara, buzuzu tsakanin gyare biyu, irin ƙwaro ɗaya a wuri huɗu daban-daban. Babu etiket ko ɗaya, wato 'yar takardar da ake sokewa ƙarƙashin ƙwaro mai faɗin inda aka kama shi da lokacin. A gefen kowane akwati akwai ɗan rubutun ajami, ban tsaya karantawa ba, na ɗauka addu'a ce.

Na ce a raina, bari in rage wa dattijo aiki, in kuma nuna masa cewa ba banza aka aiko ba. Wataƙila ma, in faɗi gaskiya, ina so ne in yi masa wani alheri kafin in ba shi takardar. Na kwashe akwatuna uku, na jera su a sababbi yadda aka koya mana: dangi da dangi, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Yini guda na yi. Da na gama na ja da baya na duba, har na ɗauki hoto.

Malam ya dawo da hantsi. Dogo ne siriri, hannunsa na ɗan karkarwa. Muka gaisa, ya tambayi Dokta da Yakubu da hanya. Sannan idonsa ya kai kan akwatunan. Ya matsa, ya daɗe a tsaye.

"Wa ya yi wannan aiki mai kyau?"

Na ce ni ne, Baba.

"Fara da fara, buzuzu da buzuzu. Kamar a littafi." Ya nuna ɗaya da ɗan yatsa. "To, Injiniya, wannan farar, a gonar wa ta sauka? A wane wata?"

Ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ban taɓa ba, ya ɗora a cinya. Ya ce kowane akwati gona ɗaya ce, sunan mai ita ne rubutun da ke gefe. Layin sama ruwan fari ne, na biyu noman farko, haka har kaka, har rani a ƙasa. Daga hagu bakin kogi ne, dama tudu. In ka duba akwati, ka ga wane ƙwaro ne ya fara zuwa, ta ina ya shigo, wa ya biyo shi. Inda ƙwaron yake zaune, shi ne takardarsa.

Ni da na yi shekaru ana gaya mini ƙwaro ba bayani shara ne, ni na mayar da gona uku shara da hannuna. Na fara ba da haƙuri, maganar tana sarƙewa. Ya ɗaga hannu.

"Bari. Kuka ba ya mayar da fara gona. Ka zubar da tsofaffin akwatunan?"

Na ce a'a.

"To, ramukan allura suna nan. Kawo hantsaki."

Kwana huɗu muka yi. Abin mamaki, da zarar ya riƙe hantsakin sai karkarwar hannun ta tsaya. Ya ɗauki ƙwaro, ya juya shi a haske, ya duba kaurin allura da faɗin rami, ya ce, "Wannan gonar Umar Mai Kifi, shekarar da kogi ya shiga kasuwa, bayan noman farko." Ni kuma in rubuta etiket in soke. Da muka gama ukun muka wuce sauran, don ya ce tunda za su Garwa, wani Injiniya mai son aiki zai sake zuwa.

A kwanakin nan na ji abin da ban ji a aji ba. Yadda suka yi shekaru a gonakin auduga na Tuboro, suna shimfiɗa farin zane su girgiza reshe. Yadda wani babban dokta ya gudu daga rina ya bar takalmi ɗaya a taɓo. Yadda ranar da mujalla ta fara fitowa Yakubu ya karanta masa ita daga bango zuwa bango, shi bai fahimci rabi ba, amma ya saya wa kowa shayi ba tare da ya faɗi a wasa ba. Inna Falmata takan leƙo ta ce, "Malam, ka bar ɗan mutane ya ci abinci, ƙwarin nan ba inda za su." Shi kuma ya ce ai sun riga sun yi yawo.

Tara suka rage waɗanda ya kasa tunawa. A kan ɗaya daga ciki na ce, Baba, ai alama ta nuna ta gonar bakin kogi ce, ramin ya yi daidai, mu sa haka.

Ya dube ni. "Ka gani da idonka?"

"A'a."

"Ni ma na manta. Rubuta ba a sani ba. Ƙaryar da aka soke da allura ta fi mai ita tsawon rai."

Na rubuta, sau tara.

Duk wannan lokacin ambulan tana aljihuna. Kullum in ce bayan azahar, azahar ta yi in ce gobe. Ranar da zan tashi, bayan mun karya, an riga an ɗaure akwatuna, sai ya ce, "Ɗana, fito da ita. Kwana huɗu kana taɓa ƙirji kamar mai kunama a riga. Yakubu ya kira ni tun kana hanya."

Na fito da ita. Ya ce in karanta. Na karanta da Faransanci, na juya masa da Hausa, ina ta neman kalma mai laushi, babu. Ya saurara har ƙarshe, har da gaisuwar girmamawa da ke ƙasa.

"Dokar tana da kyau," ya ce. "Tun muna gindin bishiya abin da muke roƙo ke nan, a samu 'ya'yanmu da za su yi karatun da ba mu yi ba." Ya murza gemu. "Sai dai ban taɓa fashin ƙuri'a ba. Ko da ban je ba, nakan aika."

Sai ya nuna akwatunan da aka ɗaure.

"Waccan 'yar takardar da kake sokewa. Layin farko wuri, na biyu lokaci. Na uku fa?"

"Sunan wanda ya kama, Baba."

"Ko ba shi da digiri?"

"A nan ba a tambaya. In babu sunan ma ba a karɓa."

Ya gyaɗa kai. Ya shiga ciki ya fito da katin a naɗe cikin leda. Ya tsufa har ya yi laushi kamar ƙyalle. A jiki akwai hoton wani saurayi mai dogon wuya, yana harara kamar an tilasta masa tsayawa. Na miƙa hannu biyu. Sai ya ce in dakata, ya ɗauki hantsaki, ya sa bakinsa a kusurwar hoton, ya ɓamɓare shi a hankali, ko ɗigon takarda bai yage ba.

"Katin nasu ne," ya ce. "Yaron nawa ne."

Ya raka ni har bakin titi, ya riƙe mini akwati ɗaya kafin in hau moto.

Dawowa ba abin da ya faru, ko kuma ban lura ba. A Garwa na jera akwatunan gaban Dokta Hawwa, na gaya mata komai, har da taran nan. Na zaci za ta yi faɗa. Ta dai daɗe tana karanta etiket ɗaya bayan ɗaya. Sannan na miƙa katin. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko hatimin sokewa, ta danna shi a tawada, ta tsaya.

"Ina hoton?"

Na gaya mata abin da ya ce.

Ta riƙe hatimin a sama, tana kallon ɗan farin gurbin.

"Tsari ya ce a kan hoto ake bugawa," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. Ta ajiye hatimin.

Ko Malam ya san da wannan, ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba. Washegari ni na buga sabon jerin membobi, babu sunansa. Katin kuwa yana nan cikin aljihun teburinta, ba a soke shi ba.